Yadda Ake Aiki da Injin Kankare Fenti da Gam Ba Tare da An Ji Ciwo Ba

Na daɗe ina kankare bango da sikirefar hannu kafin injin kankarewa ya shigo hannuna. Duk wanda ya taɓa wuni a durƙushe yana ɓamɓarar gam ɗin kafet daga daɓen siminti ya san yadda tafin hannu ke yin kanta, ya kuma san ciwon ƙugun da ke jiransa da daddare. Injin ya ɗauke mana wannan wahala. Ɗakin da ni da yarona kan kwana biyu a kansa, yanzu mutum ɗaya yana gama shi kafin la'asar. Sai dai injin nan ba ya son a nuna masa ƙarfi. Naka kawai ka nuna masa hanya. Kusan duk ɓarnar da na gani, ta jiki ko ta bango, daga danne shi ta fito, ko daga taɓa bakinsa fulogi na jikin soket.

Iri biyu za ka tarar a kasuwa. Akwai wanda bakinsa ke tafiya gaba da baya kamar ana buga ƙaramin cizil da sauri, irin Bosch PSE 180 E mai ƙarfin wat 180. Akwai kuma wanda bakinsa ke kaɗawa hagu da dama, kaɗawar da ba ta wuce 'yan digiri kaɗan ba, amma sau 10,000 zuwa 20,000 a minti ɗaya. Wannan na biyun shi ya fi yawa yanzu, don ana sa masa bakin yanka, da na goge katako, da na kankarewa. Asalinsa daga kamfanin Fein na Jamus ne, wanda a 1967 ya ƙera zarto mai kaɗawa don yanke filastar da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Daga nan wasu suka ɗauki zancen wai injin ba ya yanka fata. Kada ka yarda. Bakin sikirefa da aka wasa wuƙa ce, kuma a kan gaɓar yatsa, inda fata ke manne da ƙashi, ba ya jin tausayi.

Kayan da za ka tanada

Injin kansa, da ɗan makullin alanki idan naka na ƙusa ne. Sai bakuna, kuma aƙalla ka mallaki biyu: mai tauri da mai lanƙwasa. Mai tauri shi ne na gam ɗin tayil, da ragowar siminti, da fentin da ya yi kauri a kan daɓe. Mai lanƙwasa na silikon ne, da sitika, da gam mai taushi, da duk wurin da kake tsoron ƙwarzanewa. Idan aikinka ya haɗa da taga, ka nemi siririn baki na cire tsohon foti, wato ƙullun da ke riƙe gilashi a jikin taga. Mai cire simintin da ke tsakanin tayil da tayil daban ne, rabin da'ira ne mai ƙurajen kabayid (wani sinadari mai tsananin tauri) a gefensa. Akwai kuma faifai mai kusurwa uku da ake manna wa samfefa.

Na kariya kuwa: tabarau mai rufe gefen ido, takunkumi mai lamba FFP2 ko N95 (idan ka samu FFP3 ya fi), abin toshe kunne, safar hannu wadda ta kama hannu daidai, da takalmi rufaffe. Silifas ba takalmin aiki ba ne, baki yakan kuɓuce ya faɗo da tsininsa. Ka haɗa da wayar ƙari mai kauri, ledar shimfiɗa, kwalbar feshin ruwa, tsumma, da tsohon buroshi.

Idan babu takunkumin kirki, ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, kwantar da hankali kawai yake yi. Gara ka jiƙa wurin ka yi da sikirefar hannu. Idan babu abin toshe kunne, ka rage gudun injin, ka kuma riƙa gutsura aikin.

1. Ka san abin da za ka kankare tukuna

A nan zan fi daɗewa, domin yankan bakin inji yana warkewa cikin mako biyu, abin da ya shiga huhu ko jini kuwa ba ya fita da sauƙi.

Tsohon fentin mai, musamman rawaya da ja masu haske a kan ƙofofin ƙarfe, tagogi da get, yana iya ƙunsar dalma. Mutanen Arewa ba sa buƙatar dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida ƙurarsa na bin tabarmi da kwanon abinci. Ta fenti ba ta kai waccan yawa ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Saboda haka idan ka ga fentin mai ne kuma tsoho, kada ka sa masa samfefar inji ko kaɗan, kada kuma ka babbaka shi da wuta. Ka yi amfani da bakin sikirefa a gudu mafi ƙanƙanta don fentin ya fita ɓawo-ɓawo, ba gari ba. Yara da masu juna biyu su bar sashen har a gama shara.

Abu na biyu shi ne asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini. Tsofaffin allunan silin masu launin toka, da rufin kwano na siminti mai tudu da kwari, da wasu tsofaffin tayil na roba da ake mannawa da baƙin gam, duk ana samunsa a cikinsu. Muddin yana zaune lafiya ba a fasa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Da ka sa masa inji, zarurrukan da ido ba ya gani za su cika ɗakin, kuma cutar da suke haifarwa kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana. Ni dai ba na sa inji a kan irin waɗannan, ko nawa za a biya ni. In mai gida ya matsa, nakan ce a shafa sabon fenti a kai, ko a shimfiɗa sabon daɓe a rufe tsohon.

Sai abin da ke cikin bango. Dubi inda soket da makunni suke. A ƙa'ida waya takan tashi daga nan ta miƙe sama ko gefe, amma duk mun san gidajen da aka ja waya a karkace, filasta ko rabin inci ba ta kai ba a kanta. Ka kashe wutar ɗakin daga babban akwati, ka jawo ta injinka daga wani ɗakin. A banɗaki da kicin ka tuna da bututun ruwa na roba, wanda bakin yanka ke hudawa kamar kabewa.

2. Duba injin da wutar da za ka ba shi

Karanta lambar da ke jikinsa kafin ka saya, ba bayan ka kai gida ba. Wutarmu ta bolt 230 ce. Injinan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, kuma da ka jona irinsu kai tsaye za ka ji sun yi wata ƙara mai daɗi na ɗan lokaci, sai hayaƙi. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta.

Bi wayar da yatsunka tun daga fulogi har gindin injin. Inda ta fi tsagewa shi ne daidai mashigarta. In ka ga jan ƙarfe ya leƙo, a canja wayar gaba ɗaya, naɗa salatif ba gyara ba ne. Ɗabi'ar nan ta yanke fulogi a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, a bar ta. Injin da ke karkarwa yana jan waya, kuma ranar da ɗaya ta zame, hannunka ne mafi kusa. Idan wayar ƙarinka ta naɗi ce, warware ta duka, domin a naɗe zafi take tarawa. Wanda ke yawan aiki a banɗaki ko sabon gini mai danshi, ya sayi ɗan na'urar nan mai yanke wuta da kanta da an samu yoyo, mai lamba 30mA. Kuɗinta bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

Ƙaramin janareta ya ishi injin, tunda yawancinsu ba sa wuce wat 200 zuwa 400. Janaretan dai a waje yake zama, nesa da taga. Idan wuta ta zo da rauni ka ji muryar injin ta yi ƙasa, kashe shi ka jira, don a haka koyil ke ƙonewa.

3. Shirya wurin

Fitar da abin da zai fitu, ka rufe sauran da leda. Buɗe tagogi, amma ka kashe fanka, don ba fitar da ƙura take yi ba, raba ta take yi wa kowane lungu. Idan ƙaramin abu ne kamar ganyen taga ko murfin akwati, ɗaure shi da kilam a kan tebur. Kada ka riƙe shi da hannu ɗaya ka kankare da ɗayan, kuma kada ka ɗora shi a cinya. Aikin sama tsani yake so, ba durom ko jarka ba. In akwai buɗaɗɗen galan na tina ko fetur a ɗakin, fitar da shi, saboda cikin yawancin injinan nan akwai tartsatsi duk lokacin da suke aiki. Hannun babbar riga a naɗe, carbi a aljihu.

4. Ɗaura baki

Zare fulogi. In na batir ne, zare batir. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin makunnin yana daidai inda tafin hannu ke kamawa idan kana kokawa da ƙusa.

Goge mazaunin bakin da buroshi, don ƙura kaɗan tana hana shi zama daram. Daidaita ramukan bakin da haƙoran da ke jikin injin har ka ji ya faɗa, sannan ka ɗaure. A ɗaure tamau, amma ba sai ka hau kansa ba. Sababbin injina na Bosch da Fein suna da tsarin Starlock da suka fito da shi a 2016, wanda ake danna bakin kawai ya kama, sai dai ba kowane baki ke shigarsa ba. Don haka in za ka sayi baki, tafi da injinka ko tsohon bakin a gwada a gabanka. Bakin da bai dace ba kada ka cika shi da washa ko ka faɗaɗa raminsa. Zai yi aiki na minti biyar, sannan ya cinye haƙoran injin.

Girgiza bakin da hannu. In ya motsa ko kaɗan, sake ɗaurawa. Sai ka jona, ka nuna shi ƙasa nesa da ƙafarka, ka kunna na ɗan lokaci. Ƙarar kwaram-kwaram alama ce bai zauna ba.

5. Riƙo da kankarewar kanta

Hannu biyu a kan injin, dukansu a bayan baki. Wannan ita ce dokar da sababbin yara suka fi karyawa: hannun dama na tura inji, na hagu na gaba yana jan ɓawon fenti ko ledar da ta ɗago. Baki ya zame, sai babban yatsa. In kana son jan ledar, kashe injin ka ja, ko wani ya tsaya daga gefe ya ja da filaya. Wayar ta bi ta bayanka, ni a kafaɗa nake ratayo ta. Kada tafin hannunka ya toshe ramukan da injin ke shan iska.

Kunna shi tun bai taɓa bango ba, ka bari ya kai gudunsa, sannan ka sauke bakin a hankali. Kwantar da shi sosai, kusan ya yi layi ɗaya da bangon, kamar yadda mahauci ke kwantar da wuƙa idan yana fiɗa ba ya son huda fata. Da ka miƙar da shi tsaye zai fara haƙa rami, ramin da kai ne za ka dawo ka cike da foti. Tura shi gaba, nesa da jikinka, gajeren zango, ka dawo ka kama gefen inda ka wuce.

Garaje ba ƙarfi ba ne. In ka danne injin, kaɗawar da ya kamata ta tafi bakin sai ta dawo hannunka, bakin ya tsaya cak, injin ya ɗau zafi. Kunnenka zai gaya maka: muryarsa ta yi nauyi, to ka sassauta. Idan ka sassauta kuma bai ci ba, ko bakin ya dakushe, ko ba shi ne bakin wurin ba.

Fara gwaji a lungun da ba a gani, bayan ƙofa misali, da gudu kaɗan. Gam da silikon da roba ƙaramin gudu suke so, don zafi na narkar da su su damƙe bakin su zama kamar ƙaro. Siminti da busasshen gam ɗin tayil sun fi son gudu. A kan katako ka bi tsawon zaren itacen, kada ka gitta shi, in ba haka ba zai tsage. Fentin ruwa da ya kumbura a bango, ka fesa masa ruwa kaɗan ka ba shi minti goma, zai fita da sauƙi kuma ƙura za ta ragu. Feshi nake nufi, ba kwarara ba, kuma injin na ajiye a gefe, hannunka ya bushe kafin ka sake ɗauka.

Gefen gilashi wurin taka-tsantsan ne. Karkarwar injin kaɗai tana iya tsaga shi ko da bakin bai buge shi ba. Ka tafi a jere da gilashin, ka sa ɗan falle na langa-langa tsakaninsu, kuma ragowar fotin da ke manne da gilashin ka ƙarasa shi da hannu. Haka ma wajen cire simintin tsakanin tayil: tsaya a tsakiyar layin, da ka jingina da gefe tayil ɗin zai ɓantare, kuma mai gida wurin zai fara kallo.

6. Idan aka ɗauke wuta

Wannan mataki na ware shi shi kaɗai saboda abin da ya faru a gabana. Muna cire ledar tsakar ɗaki a wani gida, aka ɗauke wuta. Yaron da ke riƙe da injin ya ajiye shi a kan kujerar roba ya fita shan ruwa, makunni na kunne. Ba a yi minti goma ba aka dawo da ita. Injin ya tashi da kansa, ya yi ta rawa har ya faɗo, ya sauka da baki a kan sabon tayil ɗin baranda, tsakaninsa da ƙafar wata 'yar gidan da ta leƙo kallo bai kai taki ɗaya ba. Tayil ɗaya muka biya, muka yi ta hamdala. Yawancin injinan nan makunninsu na turawa ne, inda ka bar shi nan yake zama. Da an ɗauke wuta, kashe makunni, zare fulogi, sannan ka yi tsakin da za ka yi.

Ko da wuta, kada ka ajiye shi sai bakin ya tsaya, kuma a ƙasa ake ajiyewa, a kwance.

7. Hutu

Bayan kamar minti 15 zuwa 20 ka sauke, ka motsa yatsu. In ka ji suna zugi ko sun mutu kamar an kwanta a kansu, karkarwar ta yi yawa, kuma wanda ya mayar da hakan ba komai ba shekara da shekaru yakan wayi gari yatsunsa ba sa jin maɓallin riga. Riƙon sako-sako ya fi damƙa kariya. In ku biyu ne, ku riƙa karɓa-karɓa. Baki yana zafi sosai, musamman bayan siminti ko ƙarfe, don haka ka ba shi lokaci ya huce kafin ka canja, ko ka kama da tsumma. Lokacin azumi da zafin bazara, aikin inji da safe ya fi, hannu mai gajiya shi ke zamewa.

8. In tsautsayi ya gitta

Yanka: danne da tsabtataccen ƙyalle, ɗaga hannun sama, in jinin ya tsaya a wanke da ruwa mai tsabta. Ba a zuba fetur, ko man birki, ko ƙasa. In ya yi zurfi ko jinin ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. Abu ya faɗa ido: kada a murza, a yi ta zuba ruwa mai tsabta. In ƙarfe ne ya kafe, ba aikin tsinke ko bakin hankici ba ne, na likita ne. Wutar lantarki ta kama mutum: a kashe ta daga tushe tukuna, in babu hali a ture shi da busasshen katako, kada a kama shi da hannu.

9. Shara da ajiya

Kada ka share busasshiyar ƙura da tsintsiya. Yayyafa ruwa, tattara da leda, ɗaure bakinta, sannan ka bi daɓen da jiƙaƙƙen tsumma har sau biyu. Ɓawon tsohon fenti ba ya shiga murhu, kuma ba a zubar da shi inda kaji da awaki ke kiwo. Wanke hannu da fuska kafin ka ci goro ko abinci. Kayan aikinka ka tuɓe su a wurin aiki, a wanke su daban, kada ka shiga gida da su yara su tarbe ka su rungume.

Cire bakin, ka goge gam ɗin da ya manne da ɗan kananzir a tsumma. Bakin ƙarfe da ya dakushe ana wasa shi da fayil ko dutsen wasa wuƙa, a bi kusurwar da ya zo da ita. In ka kai shi giranda har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Mai kabayid ba ya wasuwa da fayil, buroshin waya kawai za ka sa ka cire abin da ya toshe shi. Bakin da ya tsage ko ya lanƙwashe a jefar, ba a yi masa walda.

Share ramukan iskar injin da busasshen buroshi. In ka fara ganin tartsatsi ya yi yawa ta cikinsu, ko injin yana yankewa yana dawowa, galibi kabon ne ya cinye, wato 'yan gawayin nan biyu da ke kai wuta cikin motar injin, kuma duk mai gyaran giranda zai canja maka biyun a tare. Naɗe wayar sako-sako, ba a jikin injin ba. Batir kada ya wuni a cikin mota ko a rana. Bakunan kuma ka shafa musu ɗan mai saboda tsatsar damina, ka naɗe kaifin da kwali, ka sa su a gwangwani mai murfi a saman shelf inda hannun yaro ba ya kaiwa.